Taken Barau Ɗan Sale

Limawa, Dutse.
Talata, uku ga Rajab, shekara ta tara da zuwan Nasara.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Idirisu ɗan Sale zuwa ga ɗan ƙanwata Zailani, a duk inda takardar nan ta same shi. Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka:

Yau na tashi da ɗan sauƙi. Tarin ya bar ni na yi sallar asuba a tsaye, amma ƙafar hagu tana nan a kumbure, takalmi ba ya shiga. Maijidda, matar maƙwabcina Isah, ta aiko da kunun tsamiya, na sha rabi. Ban da ita da mijinta, babu wanda ya leƙo zauren nan tun ranar Juma'a. Ba ƙorafi nake yi ba, labari nake ba ka.

Wani mai jaki da ya kawo kanwa kasuwa ya ce ya baro ka a Kafin Hausa, kuma ta Aujara za ka biyo. Shi ne ya gaya mini makaɗan noma na gidan Arzika suna Aujara, ɗansa Mailafiya ke riƙe da babbar ganga yanzu. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Kai ba ka san kawunka Barau ba, yayana kuma yayan mahaifiyarka. Bana shekara arba'in da ɗaya da rasuwarsa. Manomi ne, irin wanda in an yi gayya babu shi, mutane kan koma gida suna cewa yau ba a yi komai ba. Arzika ne ya yi masa take. Na yi yawon karatu har Kano da Zariya, na ji makaɗa iri-iri ta bayan katanga, ban taɓa jin hannu irin na gidan nan ba. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, don ba maganar malami ba ce.

Tun da aka binne Barau ban sake jin taken ba. Kalmominsa suna nan a kaina: “Barau ɗan Sale, gamba ta gan ka ta kwanta.” Amma kiɗan ya ɓace mini. Har bara ina iya buga shi da yatsa a bayan allo in babu kowa. Da na yi zazzaɓin nan na bazara na tashi, sai na nema na rasa. In na buga, wani abu daban ke fitowa. Fuskarsa ta daɗe da gushe mini, taken nan kaɗai ya rage mini nasa, ga shi kuma ya bi ta.

Abin da nake so: ka je inda suke kiɗa, ka gaida Mailafiya, ka roƙe shi ya kaɗa maka taken Barau. Ka saurara da kyau, ka riƙe shi, in ka iso Dutse ka buga mini ko a bayan ƙwarya ne. Ina so in ji shi sau ɗaya kafin a kira ni. Kada ka ce ni na aike ka. Kada ka ambaci sunana sam.

Allah ya tsare maka jakunanka, ya kawo ka lafiya. Wassalam.

Kawunka, Idirisu.

*

Aujara.
Litinin, tara ga Rajab.

Zuwa ga Kawu Malam Idirisu, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Gaisuwa mai yawa da ban girma daga ɗanka Zailani. Ina gaida Isah da iyalinsa.

Kawu, ashe haka kake? Kai da ka taɓa zane ni da tsumagiya don na yi fito a zaure! Na karanta takardarka sau uku, ina duba ko hannun wani ne.

To, na gan su. Jiya aka yi gayya a gonar mai unguwa, yamma da gari. Na ɗaure jakuna a gindin gawo na ce bari in leƙa in dawo. Wallahi ban tuna da su ba sai azahar, har ɗaya ya kwance ya shiga waken mutane.

Su shida ne. Mailafiya da babbar ganga rataye a kafaɗa, masu kazagi biyu, 'yan amshi uku. Shi Mailafiya gajere ne, mai furfura a gemu, in ka gan shi a kasuwa sai ka ce mai sayar da daddawa ne. Amma da ya ɗora gula a kan fatar nan, sai na ji abin a cikina, ba a kunne ba. Ba tsayawa suke yi wuri ɗaya ba, bin manoma suke yi kunya-kunya, suna tafiya da baya. In ya ga wani ya fara sanyi, sai ya matsa kusa da shi ya saki takensa. Na ga dattijo mai jika ya yar da hula, ya yi ihu, ya kama garma kamar an zuba masa wuta. Mata masu kawo fura suka ajiye ƙore suna guɗa. Ni da ban taɓa noman kirki ba, sai ga ni da fartanyar wani a hannu, na yi rabin kunya, bayana har yanzu bai yafe mini ba.

Da aka zauna shan fura na je na durƙusa na gaishe shi, na ba shi goro, na ce ina roƙon taken Barau ɗan Sale. Ya ajiye ludayi ya dube ni.

Ya ce, “Kai wane ne nasa?”

Na ce ɗan ƙanwarsa ne.

Ya ce, “Ɗan mace ba ya tada taken mamaci, falke. Taken mamaci a kwance yake. Sai na gidan ubansa ya tsaya da garma a hannu, a kaɗa, ya amsa da kirari. In ba haka ba, wa muke kira? Kabari?”

Na ce ai ji kawai zan yi in tafi. Wani tsoho cikin masu kazagin ya ce, “Ji kawai? Ka ɗauka kanwa ce da za a gutsura maka ka lasa?” Aka yi mini dariya.

Ga kuma abin da ba zai yi maka daɗi ba. Akwai wani saurayi a nan, Muntaka, shi ya cinye gayyar jiya, ya bar na biyu da kunya huɗu. Ba shi da take. Mailafiya ya ce taken Barau ya fi kowanne a cikin abin da ubansa ya bar masa, kuma yau daga shi sai tsohon mai kazagi suka san shi, in sun mutu ya mutu. Don haka ya yanke shawara: a gayyar ƙarshe kafin azumi, ran ashirin da bakwai ga Sha'aban, zai cire sunan Barau ya sa na Muntaka. Daga ranar ya zama nasa.

Kawu, ka yi haƙuri, a nan bakina ya suɓuce. Na ce ai ƙanin Barau yana da rai a Limawa. Ya ce, “Malam Idirisu?” Na ce shi. Sai ya tashi ya rataya gangarsa, furar ma bai ƙarasa ba. Me ke tsakaninku?

Zan yi kwanaki a nan ina jiran abokan tafiya. Allah ya bar mana kai. Wassalam.

Ɗanka, Zailani.

*

Limawa.
Juma'a, goma sha uku ga Rajab.

Daga Idirisu zuwa ga Zailani. Gaisuwa. Bayan haka:

Ban je masallaci ba yau, ƙafar ta hana. Takardarka kuma ta ƙara mini.

Abu ɗaya na hana ka, shi ka yi. Na aike ka ka saurara, ka je ka yi noma a gonar mutane, jakinka ya ci waken bayin Allah. Ka cika mini takarda da yadda gangar ta shiga cikinka. Ni me zan yi da cikinka? Ka ji kiɗan da na shekara arba'in ina so in ji, ka aiko mini da tawada.

Shi kuma wannan Muntaka, ɗan wane ne? Kunya huɗu! Barau yakan bar na biyu a tsakiyar gona ya dawo ya taya shi. Yanzu za a kira wani da muryar da aka yi domin yayana, ya yi ihu ya amsa, mata su yi masa guɗa. Ba zan iya hawa jaki zuwa Aujara ba, ko bakin kasuwa sai Isah ya riƙe ni.

Abin da ke tsakanina da gidan Arzika ba naka ba ne. Ga wata takarda nan a cikin wannan, na naɗe ta na ɗaure da zare. Ta Mailafiya ce. Ka ba shi hannu da hannu, ka ce daga Malam Idirisu. Kada ka buɗe, kada kuma wani ya buɗe a gabanka. Kwana biyu na yi ina rubuta ta, ba don tsawonta ba. In ya ba da amsa, ka aiko da ita da mutum na farko mai zuwa Dutse, ko da kuturu ne.

Wannan karon ka yi abin da aka ce maka kawai. Allah ya shirye ka. Wassalam.

*

Aujara.
Asabar, ashirin da ɗaya ga Rajab.

Zuwa ga Kawu Malam Idirisu. Gaisuwa da ban girma, da neman afuwa tun kafin ka karanta.

Kawu, na yi abin da ka ce, ban ƙara ba ban rage ba. Allah ne shaidata.

Na same shi a ƙofar gidansa yana ɗaure fatar ganga. Na miƙa masa na ce, “Daga Malam Idirisu. Ya ce hannu da hannu, kuma kada a buɗe.” Ya goge hannunsa a riga, ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora a goshi. Ya ce, “Ashe Malam ya tuna da mu.” Na ga idonsa ya kawo ruwa. Na ce a raina, madalla, aiki ya yi kyau. Na tafi Kafin Hausa na kwana uku na dawo.

Da na dawo na tarar suna kiɗa a wata gona. Ina matsawa sai na hango wani abu ja yana lilo a jikin babbar ganga. Kawu, takardarka ce. Ya kai wa baduku an ɗinke ta cikin jar fata, an yi mata maɗauri, har da ɗan tuntu.

Na ja shi gefe na ce, “Baba Mailafiya, ai wannan wasiƙa ce, karantawa ake yi.”

Ya ce, “Takarda a naɗe, a ɗaure da zare, daga hannun malami, aka ce kada a buɗe. A garinku me ake kiran wannan?”

Na ce wallahi magana ce a ciki.

Ya ce, “To da a cikin laya mene ne, tuwo?”

Na roƙe shi a farke ɗinkin a kai wa liman ya karanta. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai farke laya, yana da 'ya'ya. Mai kazagi kuma ya rantse tun ranar da aka rataya ta muryar gangar ta ƙaru, har ruwan da aka yi ran Laraba ma ita ta jawo shi. Yanzu haka mutum biyu sun tambaye ni ko Malam zai yi musu irinta, ɗaya ta kasuwa yake so, ɗaya ta ciwon baya.

Na san ranka zai ɓaci, amma ka dubi abin da kyau. Mutumin nan bai taɓa karɓar wasiƙa ba tun da aka haife shi. A wurinsa ka aiko masa da alheri, yana ta sa maka albarka. Sai dai maganar take tana nan inda take. Na tambaye shi, ya ce laya daban, take daban, ranar Muntaka ba ta motsa ba.

In akwai magana, Kawu, ka faɗa mini ita, ni in faɗa masa da baki. Ba ni da wata hanya. Allah ya huci zuciyarka. Wassalam.

Ɗanka, Zailani.

*

Limawa.
Laraba, ashirin da biyar ga Rajab.

Daga Idirisu zuwa ga ɗana Zailani. Gaisuwa. Bayan haka:

Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Tarin ya dawo, har da ɗan jini.

Na fara rubuta maka zagi, na wanke allon. Laifina ne. Na ɗauka zai kai wa limaminsu, ban faɗa ba. Shekara arba'in ina rubuta wa mutane laya, ban taɓa tunanin ranar da zan rubuta gaskiya a ɗinke ta a fata ba. Yanzu abin da na ɓoye wa duniya yana yawo gona-gona a jikin ganga, ana cewa shi ke kawo ruwa.

To, ga abin da ke ciki. Ka karanta kai kaɗai, sannan ka faɗa masa yadda na faɗa, kada ka gyara mini.

Shekarar da Barau ya rasu, ban daɗe da dawowa daga karatu ba. Aka yi gayya a gonar mai unguwarmu. Barau yana da kwana uku da masassara, ya zo kallo ne kawai, ya kwanta a inuwar kuka da mayafi. Mutanen ƙetaren rafi suka zo da wani ƙato nasu, ya yi ta cinye kunya yana ihu, “Ina na gidan Sale? Ko ya koma ɗakin uwarsa?” Samari suna dariya suna kallona, ni da farar rigata. Na kasa daurewa. Na zagaya bayan Arzika na ce masa a kunne, “Kaɗa masa.”

Arzika ya ce, “Malam ƙarami, ba shi da lafiya.”

Na ce, “Ni ƙaninsa ne, na fi ka sanin jikinsa. Kaɗa.”

Ya kaɗa. Ka gani da idonka a Aujara, wanda aka kaɗa wa takensa ba ya zama. Barau ya yar da mayafi ya karɓi garma. Ya wuce ƙaton nan, ya wuce kowa. Da azahar ya faɗi a cikin kwarin kunya, jini na fita ta hancinsa. Ya kwana uku ya cika.

Ranar sadakar uku Arzika ya zo gaisuwa, babu ganga, babu kowa tare da shi. Zaure cike da mutane. Na miƙe na nuna shi na ce shi ya kashe mana ɗan'uwa da kiɗan shaiɗan, ya bar mana ƙofar gida. Na jawo aya na ɗora a kai. Ya dube ni. Shi kaɗai ya san wanda ya yi masa raɗa. Ya sunkuya ya ɗauki takalmansa ya fita, bai ce uffan ba. Daga ranar babu wanda ya sake kiransa gayya a ƙasar Dutse, har ya tashi da iyalinsa. Ni kuwa aka ce yaron nan malami ne na gaske, ba ya tsoron faɗin gaskiya. Da wannan sunan na ci abinci har na tsufa.

Mahaifiyarka ta rasu ba ta sani ba. Matata Zulaihatu ma haka.

Ka gaya wa Mailafiya ina neman gafarar ubansa a wurinsa. Ka ce masa ba ni da bakin da zan roƙi komai, amma ina roƙo: kada ya cire sunan Barau, kuma ya bar ni in ji taken sau ɗaya. In ya zage ni, ka rubuto zagin duka.

Kai ma in ka ga ba za ka iya sake kirana Kawu ba, na gane. Wassalam.

*

Aujara.
Laraba, tara ga Sha'aban.

Daga Mailafiya ɗan Arzika makaɗi zuwa ga Malam Idirisu na Limawa. Zailani ke rubutawa, ni nake faɗa.

Allah gafarta Malam. Ina gaisuwa. Ni ban iya maganar takarda ba, yadda ta zo bakina haka za ka ji ta.

Zailani ya faɗa mini. Na sa ya maimaita. Sannan na ce ya ba ni kwana bakwai, shi ya sa ka ji shiru.

Ina da shekara bakwai muka bar Dutse. Da damina muka tashi, geronmu ya fara fitar da kai, wasu suka girbe. Innata ce ta ɗauko kazagi a ka, Baba yana gaba da ganga a lulluɓe da zane kamar gawa. Na tambaye shi me muka yi, ya ce in yi tafiya. Har ya mutu bai faɗa ba. Mu dai mun san an kore mu, mun ɗauka hannun Baba ne ya yi laifi. Ni kaina na girma ina jin tsoron taken nan.

A cinyarsa ya koya mini shi, da tafin hannu, don kada a ji. Ya ce, “Riƙe, masu shi za su zo.” Shekara arba'in da ɗaya, Malam. Ko kare bai zo daga gidanku ba.

Layar ba zan farke ta ba. Gangar Baba ce, maganar kuma tasa ce, su zauna tare.

Ga nawa. Na ɗaya, inda ka faɗi waccan a gaban mutane, ka faɗi wannan a gaban mutane. Na biyu, mu ba ma komawa ƙofar da aka kore mu. Ka fito bayan gari, wurin dabinan nan na bakin hanyar arewa, da garma a hannunka, ko ba ka iya ɗaga ta. Muna da gayya a wani ƙauye kusa da ku. Ran Talata ashirin da biyu ga wata za mu biyo ta nan da hantsi, in Allah ya so. In na kaɗa ka amsa, taken na Barau ne muddin ina numfashi, Muntaka in yi masa wani. In ba a amsa ba, ran ashirin da bakwai ya tashi daga gidanku.

Ban ce na yafe ba. Mai yafewar yana ƙasa. Na ce dai zan zo. A huta lafiya.

Kawu, ni ne Zailani. Haka ya faɗa, ban taɓa ko kalma ba. Tun ranar da na gaya masa bai yi mini wasa ba, mai kazagi ma ya daina tsokanata. Ni ban san abin da zan ce maka ba, sai dai har yanzu kai ne Kawu. Abokan tafiya sun iso, gobe za mu wuce Kano da kanwa, an ce tun da jirgin ƙasa ya iso tana tafiya da wuri. Ba na jin zan dawo kafin ranar. Ka aika takarda zangon Fagge, za ta same ni. Ka ci abinci, don Allah.

*

Limawa.
Asabar, goma sha tara ga Sha'aban.

Daga Idirisu zuwa ga ɗana Zailani, a zangon Fagge. Gaisuwa da sa albarka. Bayan haka:

Ƙafar ta ɗan saɓe. Ina cin abinci, tun da ka ce.

Jiya na cika sharaɗi na farko. Isah ya kai ni masallaci. Da aka sallame na roƙi jama'a su dakata, na dafa bango na faɗi komai, tun daga inuwar kuka har takalman Arzika. Na ɗauka ƙasa za ta tsage. Zailani, mutum biyu kaɗai suka tuna Barau, ɗayansu ma kurma ne, sai da aka maimaita masa. Wani daga baya ya ce, “Wane Barau?” Wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa Malam. Shekara arba'in da ɗaya ina ɗauke da abu, na sauke, mutane suna neman takalmansu.

Amma da na ce ran Talata zan fita bayan gari in tari makaɗa, nan kowa ya ji. Na'ibi ya biyo ni har zaure. Ya ce, “Allah gafarta Malam, kisan da kake faɗa Allah ya riga ya rufa. Amma ganga? A Sha'aban? Da gemun nan?” Na ce masa da gemun nan. Magidanta biyu da ke zuwa ɗaukar karatu wurina ran Asabar, yau ba su zo ba.

Isah ya ara mini garmarsa. Na gwada ɗagawa, ta fi ƙarfina, amma ina iya riƙe ƙotar in dogara. Kirarin nake ta maimaitawa, numfashina yana yankewa a tsakiya. Maijidda ta ji ni ta katanga ta aiko a tambaya ko ciwon ne ya tashi. Na sa an sayo goro, na fito da rigata mai aska biyu, ita zan ba shi.

Saura kwana uku. Ka yi mini addu'a muryata ta kai. Wassalam.

*

Limawa.
Alhamis, ashirin da huɗu ga Sha'aban.

Daga Idirisu zuwa ga Zailani. Gaisuwa.

Jikin babu daɗi. Ruwa ya taɓa ni, ƙirjin ya riƙe, da ƙyar nake riƙe alƙalami.

Ran Talata Isah ya ɗora ni a jaki tun da sassafe, ya kai ni gindin dabinan, ya shimfiɗa mini tabarma, ya tafi gonarsa. Na zauna da garma a gabana. Masu itace suka wuce. Fulani masu tallan nono suka wuce, ɗaya ta tambaya ko garmar ta sayarwa ce. Duk wanda ya fito daga arewa na tambaye shi, babu wanda ya ga makaɗa. Na yi azahar a wurin, na yi la'asar. Na ce ko na ɓata lissafin kwana ne, jiya na sa aka sake kai ni. Hadari ya taso, Isah ya dawo da ni a jiƙe.

Ban sani ba ko hanya ce ta hana shi, ko ciwo, ko kuwa ya sake tunani. In ya sake tunani, ba ni da abin cewa. Babu saƙo. Saura kwana uku a yi gayyar Aujara.

Yau Isah ya ƙi ɗora ni a jaki, ya ce ba zai kashe ni da hannunsa ba. Na ce to ya bar mini garmar tukuna. Na sa an jawo shimfiɗata bakin zaure, inda nake ganin hanya.

Rana ta yi sanyi yanzu. Mailafiya bai zo ba.

Wassalam.